Wasiƙa Zuwa Ga Git, Daga Bakura

Zuwa ga Git,

Ni malami ne mai koyar da rubuta manhaja a Bakura. Na san ba ka san garin ba, to bari in yi maka kwatance: idan ka taso daga Gusau za ka Sakkwato, ka wuce Talata Mafara, sai ka iso Lambar Bakura ka saki babban titi ka shigo ciki. Ƙasar noma ce, damina da rani. Ba inda mutum zai zaci ana hirar tafintan kwamfuta ba ne, amma ana yi, ko da mu 'yan kaɗan ne, kuma a kan tafintan nan ne nake son mu tattauna, ni da kai.

Abin da nake kira tafinta shi ne manhajar da ke karɓar rubutun ɗalibi na harshen C ko C++ ta mayar da shi umarnin da inji ke ganewa. Wanda muka fi sani shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Mu malamai mun saba gaya wa yara cewa tafinta ba ya kuskure, idan abu ya ƙi aiki su duba hannunsu. Galibi gaskiya muke faɗa. Yaro ya manta waƙafi, ko ya buɗe baka bai rufe ba, sai ya zo yana rantsuwa kwamfutar ce ta lalace. Sai dai wannan magana da muke nanatawa ta haifar da wata ɗabi'a marar kyau. Yaran sun ɗauki tafinta kamar dutse, abin da aka tarar kuma haka za a bar shi, alhali rubutu ne na 'yan Adam, mai miliyoyin layuka, ana yi masa faci kusan kowace rana. Wanda bai san haka ba, ba zai taɓa tambayar kansa wane tafinta ne a hannunsa ba, na yaushe ne, kuma me aka gyara bayan fitowarsa.

Sau da yawa abin da nake tararwa a kwamfutocin ɗalibai shi ne Dev-C++ mai lamba 4.9.9.2, wanda ya fito a farkon 2005, da GCC 3.4.2 na 2004 a cikinsa. Ya girmi wasu daga cikin masu amfani da shi. Daga filas zuwa filas yake yawo, wa ya ba ƙane, ƙane ya ba aboki, ba mai tambayar asalinsa. Yaro ya kwafo misali daga littafin da aka rubuta bisa ƙa'idar C++ ta 2011, tafinta ya watso masa jan rubutu, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa kansa ne ba ya ja. Na ga waɗanda suka bar fannin a kan wannan.

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye, mu masu ƙ da ɗ da ɓ. Ɗalibi yana rubuta 'yar manhajar lissafin kuɗin taki, ya sa wa ma'ajin adadin suna kuɗi, da ɗ ɗinsa mai lanƙwasa kamar yadda aka koya masa tun firamare. Idan GCC 9 ne a gabansa ko wanda ya girme shi, zai ƙi, ya ce ya ga baƙin abubuwa guda biyu a cikin rubutun, \311 da \227. Lambobin nan ba komai ba ne illa ɗ ɗin, yadda tsarin UTF-8 ke ajiye shi. Ƙa'idar harshen C ba ta hana irin waɗannan haruffa ba, GCC ne ya ce in dai ana so, sai a rubuta \u0257 a madadin harafin, abin da ba mai hankalin da zai yi a kowane layi. An shigar da ƙorafi a kan haka a rajistar kurakuran GCC tun 2015, mai lamba 67224. Wani mai suna Lewis Hyatt ya rubuta facin, aka karɓa a watan Satumba na 2019, sannan ya iso hannun jama'a a GCC 10.1 a watan Mayu na 2020. Ko a kira shi kuskure ko a kira shi giɓi, abin lura shi ne wata bakwai da 'yan kai gyaran yana zaune a cikin asalin rubutun GCC, duk mai bibiyar rubutun ya samu, wanda ke jiran a kawo masa a ƙunshe kuwa yana ta jira. Ubuntu 20.04 ma, da ya fito a Afrilun 2020, da GCC 9 ya zo. Ba na jin Hyatt ya taɓa jin sunan Bakura, amma ya yi mana aiki.

Kada ka ce ƙananan masu koyo ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. Mahaifinka Linus Torvalds ma ya faɗa. A watan Yuli na 2014 wasu masu amfani da Linux suka riƙa ganin kwamfutocinsu suna faɗuwa ba gaira ba dalili, a sashen da ke raba wa manhajoji lokacin aiki. Aka bi rubutun Linux layi-layi ba a ga aibi ba. Da Linus Torvalds ya duba abin da tafinta ya fitar, sai ya ga GCC 4.9 yana ajiye wani adadi a wurin da bai riga ya keɓe ba, ta yadda in wani abu ya katse aikin a daidai wannan lokaci, adadin ya gurɓace. Abin dariya, kuskuren yana da nasaba da bayanan da tafinta ke haɗawa don taimaka wa masu farautar kuskure. Torvalds ya yi wa GCC kaca-kaca, kamar yadda ya saba. Daga baya aka gano cewa aibin ya samo asali tun GCC 4.5, ya daɗe a kwance bai tashi ba, kuma an riga an gyara shi a babban reshen rubutun GCC, gyaran ne bai kai ga fitowar da ke hannun mutane ba. Tun daga nan na riƙe tambaya ɗaya da nake so kowane ɗalibina ya fara yi kafin ya kwana yana haƙilo: shin wani bai riga ya gyara wannan ba?

Kai ne ke ba da amsar wannan tambaya, shi ya sa nake ganin girmanka. Duk canjin da aka yi wa rubutun, ka ajiye shi da sunan wanda ya yi, da ranar, da dalilinsa, ka buga masa doguwar lambar shaida wadda aka lissafo daga abin da ke cikinsa da kuma lambar canjin da ya gabace shi. Wanda ya taɓa tsohon tarihi a ɓoye, lambobin da suka biyo baya duk za su tona shi. In na ce git fetch, ka kawo mini abin da ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, ba ka sake ɗoro mini abin da nake da shi ba. In na ce git log na haɗa da lambar ƙorafi, ka nuna mini ko an taɓa maganar, da wanda ya taɓa ta, da reshen da gyaran ya shiga. Abin da a da sai an yi wasiƙa an jira, yanzu kafin shayi ya huce an gani.

Amma duk cikin hikimominka babu wadda ta kai git bisect a wurina. A ce manhajata tana aiki daidai da tafintan bara, ta lalace da na bana, kuma tsakaninsu akwai canji 8,000. Ba mai iya karanta su duka. Sai in gaya maka wancan lafiya lau, wannan kuwa da matsala. Ka kai ni tsakiya, na gina tafinta daga nan na gwada, na ce maka mai kyau ne ko marar kyau. Ka zubar da rabi, ka sake kai ni tsakiyar abin da ya rage. Dubu takwas ta koma dubu huɗu, ta koma dubu biyu, a gwaji na 13 sai ga canji guda tilo a gabana, da sunan mai shi da bayanin abin da ya yi niyya. Ranar da na fara nuna wa ɗalibai wannan a allo, wani ya ce ai wannan duba ne. Na ce masa lissafi ne, biyu sau biyu har sau 13 ya ba da 8,192, ya je ya gwada a takarda. Wanda ya kai ƙorafi ga masu GCC yana cewa abu ya lalace kawai, zai daɗe yana jira. Wanda ya zo da ɗan gajeren misali da lambar canjin da ya jawo matsalar, ya yi musu rabin aikin, kuma ba ruwansu da ko daga Bakura yake ko daga Jamus.

Sai dai a nan ma akwai abin da ba ka sani ba game da mu. Kowane mataki cikin goma sha ukun nan gina tafinta ne sabo. GCC kuwa, in an bar shi da al'adarsa, sau uku yake gina kansa: tafintan da ke kwamfutar ya gina na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku, sannan a gwada na biyu da na uku a ga ko sun yi daidai ƙwaya da ƙwaya. Dabara ce mai kyau, don tafintan da ya fassara kansa ya fito da abu biyu mabambanta ya nuna akwai ɓaraka. Amma a tsohuwar laftof mai batirin da ya gaji, aikin sa'o'i ne, kuma wutarmu ba ta yi wa kowa alkawarin sa'o'i ba. Dole muke kashe ginin sau ukun, mu ce harshen C kaɗai muke so, mu jera aikin da rana lokacin da sola ke da ƙarfi. Wannan ba laifinka ba ne. Na faɗa ne don ka san cewa abin da wasu ke gamawa kafin azahar, mu sai mu kai mako muna lallaɓa shi.

Akwai masu jin an ce a riƙa sabunta tafinta sai su zaci ana nufin kullum a kwaso na yau da safe a yi aiki da shi. Ban yarda da wannan ba. Babban reshe wurin gini ne, yau a gyara abu biyu, gobe wani ya karye. A shekarar 2000 kamfanin Red Hat ya ɗebo GCC daga tsakiyar aiki ya saka a Red Hat Linux 7.0 da lamba 2.96, har sai da masu kula da GCC suka fito suka sanar cewa su ba su taɓa fitar da wani abu mai wannan lamba ba, kuma abin da ya gina da C++ bai dace da na fitowar baya ko ta gaba ba. Tsarin da GCC ke bi yanzu ya fi hankali. Kowace shekara, wajen Afrilu ko Mayu, a fitar da babbar lamba, 13.1 a 2023, 14.1 a 2024, a yanke mata reshenta, kuma ba abin da ke shiga wannan reshe sai gyaran kuskure. Reshen GCC 10 an yi ta kula da shi har 10.5 a watan Yuli na 2023 kafin a rufe. Abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan: ku yi aiki da reshen fitowa, ku riƙa jawo gyare-gyarensa, babban reshe kuwa ku ajiye shi gefe don karatu da gwaji. In kun ga gyaran da kuke buƙata yana can bai sauko ba, git cherry-pick zai ɗauko muku shi guda ɗaya, ku rubuta a fili cewa kun yi haka.

Rubutawar nan ita ce inda mutane ke sakaci. Mu nan ruwan noman raninmu daga madatsar Bakolori yake zuwa, wadda aka gama a 1978 a kan kogin Sakkwato, ya biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙananan hanyoyi har ya iso fadamar kowa. In bango ya tsage a sama, manomi yana iya tare ruwa da buhun ƙasa a bakin gonarsa ya samu na yau, amma baɗi ma sai ya sake, maƙwabcinsa ma sai ya yi nasa, tsagar kuwa tana nan tana faɗi. Haka wanda ya gano aibi a tafinta ya yi masa faci a kwamfutarsa ya yi shiru. Duk ranar da ya jawo sabon rubutu sai facin ya yi karo da shi, wata rana kuma ya manta dalilin da ya sa ya yi. Ka ba mu reshe don mu ajiye irin wannan gyara a sarari, ka ba mu git rebase don mu ɗora shi a kan sabon rubutu, ka kuma ba mu git format-patch don mu aika shi sama inda za a toshe tsagar gaba ɗaya. Na ukun nan ne ba mu cika yi ba. Kunya ce ko raina kai, ban raba su ba tukuna.

Wani abin mamaki a tarihinku: a watan Afrilu na 2005 aka haife ka, bayan masu Linux sun rasa damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke ajiye tarihin rubutunsu da ita, kuma kafin Yuli ya ƙare Torvalds ya miƙa ka ga Junio Hamano. A wannan shekarar ce dai GCC ya tashi daga manhajar ajiye tarihi ta CVS ya koma Subversion, ya wuce ka a hanya bai ko waiwaya ba. Sai a Janairun 2020 ya shigo hannunka, bayan an sha fama wajen juyo tarihin da ya haura canji 280,000 ba tare da an zubar da komai ba. LLVM, kishiyar GCC, ta riga shi da 'yan watanni, a Oktoban 2019. Ga mai zaune a birnin da intanet ba ya yankewa, wannan ƙaura sauƙi ce kawai ta ƙaru. Mu a wurinmu ta fi haka. Da Subversion, tarihin yana can a uwar garke, in kana son ganin abin da aka yi shekara biyar baya sai ka tambaye ta ta waya. Kai kuwa tarihin duka kake sauke wa mutum a kwamfutarsa.

Mun san darajar wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mutane suna shiga mota zuwa Sakkwato ko Funtuwa don su buga waya ɗaya su dawo. Ba zan ce maka rashin GCC ne damuwar kowa a lokacin ba, rayuka ake ta kansu. Amma wanda yake da rumbunka a kwamfutarsa bai rasa komai na karatunsa ba. Tarihi yana nan, rassa suna nan, bisect yana aiki, yana iya ajiye nasa canjin ya jira ranar da sabis zai dawo. Shi ya sa nake jin haushi in na ji yaro yana cewa ba shi da data don haka ba zai iya amfani da kai ba. Ya haɗa ka da GitHub ne, wanda shafi ne na kamfani, aka buɗe a 2008, Microsoft ya saye a 2018. Kai ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka yi aiki, kuma asalin rumbun GCC ma ba a can yake ba.

To, yabo ya isa haka, ga ƙorafina.

Na farko shi ne saukarwar farko. Rumbun GCC da tarihinsa ya haura gigabait ɗaya. Wannan kuɗi ne a wurinmu, amma ba shi ne abin takaicin ba. Abin takaicin shi ne in git clone ya kai kashi tamanin cikin ɗari sabis ya ɗauke, sai ka watsar da duk abin da ka sauke, ka ce a faro daga farko. Tun 2005 aka haife ka, manhajojin sauke fim na waya ma sun iya ci gaba daga inda suka tsaya, kai ba ka iya ba. Na san za ka ce akwai hanyar sauke canjin ƙarshe kaɗai a bar tarihi. Na sani. Amma in na bar tarihi, da me zan yi bisect? Ka ba ni abin da ya fi sauƙin ɗauka ka karɓe abin da ya kawo ni wurinka.

Abin da ya cece mu shi ne git bundle, wanda ka ɓoye a can ƙasan littafinka kamar ba ka so a gani. Da shi mutum zai dunƙule rumbu duka ya zama fayil guda, ya sa a filas ko ya tura ta Xender, wani ya buɗe kamar daga intanet ya sauke. Bayan haka ba sai an sake ɗaukar duka ba, ana iya dunƙule abin da ya ƙaru daga lamba kaza zuwa yau, ɗan ƙaramin fayil. Lambobin shaidarka kuma suna nan, mai karɓa zai iya gwada ta ƙarshe da wadda aka wallafa ya tabbatar ba a sauya komai a hanya ba. Ina ganin da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha da ke Talata Mafara, da kwalejin aikin gona ta nan Bakura, za su ajiye kwamfuta ɗaya mai ɗauke da rumbun GCC da na sauran manyan manhajoji, mutum ɗaya ya riƙa jawo sabo, da ɗalibai daga Maradun har Bakura sun huta. Wanda ya je cin kasuwar Talata ya biya ya karɓo na mako a aljihunsa. Ba ya buƙatar kwangila ko bikin buɗewa, faifai ɗaya ne da mutum mai riƙon amana.

Na biyu, harshenka. Kana jin Faransanci da Jamusanci da Turkanci da harshen Biyetnam da na Indunusiya, ba ka jin Hausa. A nan ba zan ɗora maka duka ba, don waɗancan ma masu harshen ne suka zauna suka fassara suka aika, ƙofar kuma a buɗe take. Amma ko da Turancin ne, saƙonninka sukan tsorata mai koyo. Yaro ya koma tsohon canji don ya duba abu, ka fito masa da dogon gargaɗi mai maganar kai da ya rabu da jiki, sai ya rufe kwamfutar ya zo yana tambayata ko ya ɓata wani abu. Bai ɓata komai ba, kai ne ba ka iya lallashi ba.

Na uku ƙarami ne, amma yana ci mini rai. Tafinta ya karɓi haruffanmu tun 2020. Kai fa? In na sa wa fayil suna ƙidaya.c na ce git status, sai ka nuna mini "\306\231idaya.c", ka mayar da ƙ lambobi kamar wani abin ƙyama. Na san maganin, a ce maka core.quotepath ya zama false, kuma shi ne abu na farko da nake sa kowane ɗalibi ya rubuta ranar da ya girka ka. Amma me zai hana ya zama haka ka zo tun asali? Yawancin kwamfutocin yau UTF-8 suke ji. In akwai dalilin da ya sa aka bar shi haka, na san yana rubuce a tarihinka da sunan wanda ya yanke shawarar, zan sa ɗalibai su nemo shi da git log a zangon karatu mai zuwa, in ya so mu ga ko hujjar tana nan da ƙarfinta ko lokacin aika faci ya yi.

A gaida Malam Hamano da sauran masu yi maka hidima.

Naka,
wani malamin kwamfuta,
Bakura, Jihar Zamfara